Asirin Mai Ajiya A Banki: In Ya Tonu, Wa Zai Biya?

A cikin watan Agusta na 2024 ne Hukumar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, watau NDPC, ta ba da sanarwar cewa ta ci Bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555 da dubu 800, saboda abin da ta kira karya dokar tsare bayanan masu hulɗa da shi. Shugaban hukumar, Dokta Vincent Olatunji, ya bayyana cewa kuɗin nan kashi ɗaya ne tak cikin dubu na abin da ya shigo wa bankin a shekarar 2023. Shi kuwa bankin nan take ya musanta zargin, ya ce binciken da ya yi bai nuna masa ya taka wata doka ba.

Ba girman tarar ba ne abin dubawa, mafarin maganar shi ne abin riƙewa. Bisa ga bayanin hukumar, mutum ɗaya ne ya kai kuka a cikin watan Afrilu na 2023, ya ce an yi amfani da sunansa da bayanansa an buɗe asusu ba da izninsa ba. Daga wannan kuka guda hukumar ta shiga bincike, har ta kai ga duba yadda bankin ke tattara bayanan jama'a ta manhajarsa ta wayar hannu, da irin kamfanonin da yake ba aikin sarrafa su. Amma fa tarar da aka yanka ba aljihun mai kuka za ta shiga ba, ta hukuma ce. Wanda aka cuta, in yana son a mayar masa da dukiyarsa ko a biya shi diyya, tilas ya tashi ya bi da ƙafarsa, kuma da takarda a hannu. To, a nan ne gizo ke saƙa ga 'yan Arewa mazauna Kudu, domin yawancinsu kukansu na baki ne, ga shi kuma takardun banki da Turanci ake rubuta su.

Daga Mai Masauki Zuwa Kwamfuta

A zamanin da, falke in ya sauka Sabon Badun da shanu, ko ya zo Shagamu sarin goro, mai masaukinsa ne bankinsa. Shi ke riƙe masa kuɗi, shi ke tsaya masa in an ɗauki kaya bashi, kuma shi kaɗai ya san nawa baƙonsa ya zo da su. In asiri ya tonu an san bakin da ya fito, kuma mai masaukin da ya ci amana sau ɗaya ya rasa baƙi ke nan har abada. Yanzu kuwa amanar ta koma cikin kwamfuta, inda ba fuskar da za a tuhuma.

A watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Nijeriya ya shigo da lambar BVN, mai alƙaluma 11, wadda ta ɗaure duk asusun da mutum ke da shi a kowane banki da hoton yatsunsa da na fuskarsa. A ƙarshen 2020 gwamnati ta tilasta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. A watan Disamba na 2023 kuma Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu ne sai an ɗaura masa BVN ko NIN. Manufar duk waɗannan ita ce a rage damfara, kuma lalle sun taimaka wajen gane masu laifi. Sai dai sun mayar da layin waya da lambobin nan biyu tamkar ɗan makulli guda na ɗakuna da yawa. Wanda ya samu sunan mutum da ranar haihuwarsa da lambar wayarsa da BVN ɗinsa ya riga ya ci rabin tafiya.

Sa'an nan ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin Naira. Wannan ne ya tura dubban 'yan kasuwa cikin harkar tura kuɗi ta waya ba shiri. Mai albasa a Mile 12, da mahauci a Oko-Oba, da mai raguna a Alaba Rago, da dillalin shanu a Lokpanta, da ɗan acaɓa da maigadi da mai shayi, duk sai da suka buɗe asusu ko suka dogara ga masu POS, in ba haka ba ciniki ya tsaya. Da yawansu wani ne ya cika musu takarda, wani ne ya zaɓar musu lambar sirri, kuma har gobe wani ne ke karanta musu saƙon banki.

Hukumar NIBSS, wadda ke haɗa hada-hadar bankuna, ta ce abin da aka yi asara ta hanyar damfara ya tashi daga Naira biliyan 17 da 'yan kai a 2023 zuwa sama da biliyan 52 a 2024. Wannan kuwa lissafin abin da aka kai rahoto ne kawai. Wanda aka kwashe wa dubu 80 ya ce Allah ya isa ya koma kan tebirinsa, ba ya cikin wannan lissafi.

Ta Ina Ake Yoyo?

Wannan tambaya ita ce uwar shari'ar, domin amsarta ce ke nuna wanda zai ɗauki asara. Wani lokaci ɓarayin intanet ne ke fasa rumbun bayanan banki daga waje. Wani lokaci ɓeran gida ne, watau ma'aikacin banki ko na kamfanin da banki ya ba kwangila, ko wakilin da ke yawo kasuwa yana buɗe wa mutane asusu. Irin wannan ya fi wuyar kamawa, domin da makullinsa ya shiga. Wani lokacin kuma yoyon ba daga banki yake ba sam. A 2024 ƙungiyar nan ta Paradigm Initiative ta fallasa wasu shafuna na intanet da ke sayar da bayanan NIN na jama'a a kan Naira 100, har ta ce ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Dokta Bosun Tijani, don ta nuna wa duniya yadda abin ya lalace. Hukumar NIMC mai ba da lambar ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ta ina aka bi dai, in na minista ya kai Naira 100, sai mai karatu ya ƙiyasta farashin na mai gyaran takalmi.

Amma gaskiya ɗaya ce, ƙofar da aka fi shiga ita ce hannun mai asusun kansa. Ɓarawon waya a tashar mota ba wayar ce ta dame shi ba, layin yake so. Da layin zai buga lambar nan da ake tambayar BVN da ita, a turo masa, ya gano bankin da mai wayar ke ajiya, ya shiga gwada sa'arsa. Wani kuma bugo waya zai yi da murya mai daɗi, sau da yawa da Hausa tsantsa, ya kira mutum da cikakken sunansa, ya faɗi ranar haihuwarsa da bankinsa, ya ce za a rufe asusu in ba a gyara ba, a karanto masa lambar da za ta shigo yanzu. Mutum ya ji an san shi ciki da bai, sai ya saki jiki ya karanta. Ga kuma al'adar miƙa kati ga mai POS tare da faɗin lambar sirri da ƙarfi a tsakiyar kasuwa.

A nan ne bankuna ke fakewa. Da an je da kuka sai a ce da lambarka ta sirri aka cire kuɗin, saboda haka kai ka ba da izni. Sau da yawa wannan amsa tana da ƙarfi a gaban alƙali, kuma bai kamata a ɓoye wa kowa haka ba. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: shi mai bugo wayar, ina ya samu suna da ranar haihuwa da sunan banki tun kafin a karanta masa komai? Mai asusu ya yi sakaci a mataki na ƙarshe, amma wani ne ya yi sakacin farko. Dokar 2023 ta buɗe hanyar bin wannan sawu na farko.

Ba kwashe kuɗi kaɗai ne haɗarin ba. Ana iya cin bashi da sunan mutum a kamfanonin ba da rance ta waya, bai sani ba sai ran da aka fara kiran danginsa ana ci masa mutunci. Tun 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Loan tarar Naira miliyan 10 saboda aika wa mutanen da ke cikin wayar masu cin bashi saƙonni. Kuma tun watan Agusta na 2020 akwai tsarin Babban Banki da ya ba banki damar cire bashinsa daga duk wani asusu da ke ɗaure da BVN ɗin mai bashi, ko a wane banki yake. Mafi muni shi ne a buɗe asusu da sunan mutum a riƙa zuba kuɗin sata ko na fansa a ciki. Ran da 'yan sanda suka biyo sawu, sunan da ke kan asusu za su kama, kuma baƙo a garin da ba nasa ba ya san abin da wannan ke nufi.

Abin Da Doka Ta Tanada

Riƙe asirin mai ajiya ba alfarma ba ce banki ke yi, wajibi ne tsohon gaske. Tun 1924 wata kotun ɗaukaka ƙara a Ingila, a shari'ar da ake kira ta Tournier, ta yanke cewa rufe asirin mai asusu yana cikin yarjejeniyar da ke tsakaninsa da banki ko ba a rubuta ba. Ba a yarda banki ya buɗe baki ba sai in doka ta tilasta shi, ko don amfanin jama'a, ko don kare haƙƙinsa, ko da yardar mai asusun. Kotunan Nijeriya sun gaji wannan hukunci suna aiki da shi. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin sirrinsa, na gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, kuma a 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kare bayanan mutum yana ƙarƙashin wannan sashe.

Babbar sanda dai ita ce Dokar Kare Bayanai, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ita ce kuma ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce in aka fasa bayanai ta yadda zai iya cutar da masu su, dole kamfani ya sanar da hukumar cikin awa 72 da ganewa. In haɗarin babba ne, dole ya sanar da mutanen da abin ya shafa nan da nan, da harshe mai sauƙi, ya kuma gaya musu dabarar kare kansu. Ta ba mutum ikon tambayar banki irin bayanansa da ya riƙe da waɗanda ya miƙa wa, da ikon a gyara kuskure. Manyan kamfanoni irin su bankuna ana iya cin su tarar Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya shigo musu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Wurare biyu a cikin dokar sun fi shafar talaka kai tsaye, amma ba a cika ambatarsu ba. Na farko, hukumar tana da ikon umartar kamfani ya biya wanda aka cuta diyya, ba tara kaɗai ba. Saboda haka mai kai kuka ya rubuta ƙarara cewa diyya yake nema, ya faɗi adadin abin da ya yi asara. Na biyu, sashe na 51 ya ce wanda ya yi asara ko ya cutu saboda an karya dokar yana iya shigar da ƙara kotu ya nemi diyya da kansa.

Har ila yau akwai Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015. A cikinta an ce in banki ya cire kuɗi daga asusun mutum ba da izni ba, kuma mai asusun ya sanar da shi a rubuce, to cikin awa 72 banki ya nuna hujjar cirewar ko ya mayar da kuɗin. In ya ƙi, laifi ne mai tarar Naira miliyan 5 ban da mayar da kuɗin. A lura da kalmar nan, a rubuce. Mutum ya yi sati yana zarya a banki, ya yi ta rantsuwa a gaban akawu, a idon doka agogon bai fara tafiya ba tukuna.

Hanyar Bi

Awowin farko sun fi komai tsada. Kuɗin sata ba ya kwana a asusu ɗaya, ana rarraba shi ne zuwa wasu asusun, a cire ta hannun masu POS kafin gari ya waye. Wanda wayarsa ta ɓata ko ya ga an cire masa kuɗi, kafin kuka da jaje ya fara toshe asusun. Bankuna suna da lambar toshe asusu da ake iya bugawa ko da wayar maƙwabci ce, kuma ya kamata kowa ya tambayi ta bankinsa tun lafiya lau, ya rubuta ta a wani wuri da ba cikin wayar ba. Daga nan sai a sa kamfanin waya ya rufe layin. In an hanzarta, bankin mutum yana iya tuntuɓar bankin da kuɗin ya faɗa a riƙe abin da ya saura, ko da yake sau da yawa sai an kawo odar kotu kafin a sake shi ga mai shi.

Sa'an nan takarda. A rubuta wa manajan reshe wasiƙa mai ɗauke da suna da lambar asusu da rana da lokaci da adadin kuɗi, a ce ba da iznin mai asusu aka cire ba, a nemi a mayar. In an taɓa bugo waya ana faɗin bayanan mutum, a sa wannan a ciki, a kuma nemi banki ya bayyana ko an taɓa bayanan ne daga wurinsa ko daga wakilansa. A yi kwafi biyu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya a komo da shi gida, a kuma karɓi lambar da suka yi wa kukan rajista da ita. Kada a goge saƙonnin waya, a nemi takardar bayanin shige da ficen asusu, a kai rahoto ga 'yan sanda a karɓi shaidar rahoton. Wannan ɗan tarin takardu shi ne dukan jarin mai ƙara. Duk ofishin da zai je nan gaba, su za a fara tambaya.

In mako biyu ya wuce banki bai warware ba, ko ya ba da amsar da ba ta gamsar ba, sai a rubuta wa Sashen Kare Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, a haɗa da kwafin wasiƙar farko. Babban Banki yana da rassa a manyan biranen jihohi, ana kuma iya aikawa ta imel, kuma ba a biyan ko kwabo. Ba ya karɓar kukan wanda bai fara zuwa bankinsa ba, shi ya sa hatimin nan yake da muhimmanci. Kukan da ya shafi tonon bayanai kuwa, kamar buɗe asusu ko cin bashi da sunan mutum, NDPC ake kai wa, ita ma kyauta. Wanda abin ya fi ƙarfinsa yana iya neman taimakon Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975 zamanin Janar Murtala, ko Hukumar Ba Da Agajin Lauyoyi. A Jihar Legas akwai kuma ofishin lauyoyin gwamnati masu tsaya wa marasa ƙarfi, da cibiyar sasanta jama'a, kuma ba a tambayar mutum jihar da ya fito.

Wani abin da ake yawan ruɗewa a kai shi ne inshorar NDIC. Naira miliyan 5 da aka ce tana biya tun 2024 na wanda bankinsa ya rushe ne, ba na wanda aka damfara ba.

Kotu ita ce ta ƙarshe. Rikicin banki da mai ajiya ana iya kai shi Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya, kuma lauya yana iya shigar da maganar tonon asiri a matsayin tauye 'yancin ɗan'adam, wadda bisa ƙa'ida ake saurara da gaggawa. Amma kada a yaudari kowa. Banki yana da lauyoyi da yake biya ko da shari'a ko babu, yana kuma da halin ɗaukaka ƙara shekara da shekaru. Duk bayanan da za su nuna wanda ya buɗe asusun mutum a kwamfuta, da ranar da ya buɗe, suna hannun wanda ake ƙara. Mutumin da aka cuta dubu 150, wanda zaman kotu na yini guda ke nufin rufe tebur na yini guda, in ya yi lissafi sai ya ga kuɗin lauya ya fi abin da ake bi. Masu damfara sun san wannan lissafi sarai, shi ya sa suka fi son ƙananan asusu masu yawa a kan babba guda.

Yadda Amurka Ta Yi

Maganin wannan lissafi a wasu ƙasashe shi ne ƙarar taron dangi. A watan Yuli na 2019 bankin Capital One na Amurka ya sanar da cewa an kwashi bayanan mutum wajen miliyan 100 a Amurka da miliyan 6 a Kanada. Wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin Amazon ce ta shiga ta wata kafa da aka bari ba a toshe da kyau ba, an kama ta, kotu ta same ta da laifi a 2022. Hukumar kula da bankuna ta ci bankin tarar Dala miliyan 80 a 2020. Ban da wannan, lauyoyi suka shigar da ƙara guda a madadin dukan waɗanda abin ya shafa, har bankin ya yarda ya biya Dala miliyan 190 a sasanta.

Kuɗin da yawa a ji, amma in aka raba shi ga mutum kusan miliyan 100 bai kai Dala 2 ba kowanne, ga kuma rabon lauyoyi. Ba a raba shi haka ba. An ce wanda ya yi asara ya kawo shaida a biya shi har zuwa Dala dubu 25, wanda kuma ya ɓata lokaci wajen gyara ɓarnar a biya shi ladan awowinsa. Watau ko a can, mai takarda ne ya ci. Haka aka gani a shari'ar kamfanin Equifax, mai tara bayanan masu cin bashi, wanda aka kwashe wa bayanan mutum miliyan 147 a 2017. An yi ta shelar cewa kowa zai iya samun Dala 125, amma kuɗin da aka ware wa wannan fanni Dala miliyan 31 ne kacal, masu nema suka yi yawa, abin da ya iso hannun yawancinsu bai taka kara ya karya ba. Amfanin irin wannan ƙara ba arzikin da take kawo wa mutum ɗaya ba ne. Amfaninta shi ne tana sa sakaci ya yi wa kamfani tsada, har ya gwammace ya kashe kuɗi wajen tsaro.

A Nijeriya dokokin kotu sun yarda wasu su yi ƙara a madadin jama'ar da buƙatarsu ɗaya ce, kuma ƙa'idojin 2009 na shari'ar 'yancin ɗan'adam sun ba ƙungiyoyi damar shigar da ƙara don amfanin jama'a. Sai dai kafin a yi taron dangi sai an san waɗanda abin ya shafa, kuma a nan ne aka bar ƙasar nan a baya. A Amurka kamfani ne ke aika wa mutane wasiƙa cewa an taɓa bayanansu. A nan kuwa, duk da dokar 2023 ta wajabta, ba kasafai mai ajiya ke samun irin wannan saƙo ba. Saƙon da ya saba gani shi ne na gargaɗi kada ya ba kowa lambarsa ta sirri, wanda gaskiya ne, amma yana kuma share wa banki fagen cewa an gaya maka.

Ga 'yan Arewa a Kudu akwai wani jari da ba a yi amfani da shi ba tukuna. Kusan kowane zango da kowace kasuwa akwai Sarkin Hausawa ko shugaban ƙungiya, akwai sakatare, akwai kuɗin ƙungiya da ake tarawa. Waɗannan shugabanni suna raba rigimar bashi, suna belin 'yan'uwa, suna tara kuɗin kai gawa gida. Ba abin da zai hana kowace ƙungiya ta ajiye littafi guda na waɗanda aka cire wa kuɗi, da banki da rana da adadi da wakilin da ya buɗe musu asusu, ta kuma sa wani yaro mai ilmin boko ya riƙa rubuta wasiƙar kuka a ranar da abin ya faru. Kukan mutum ɗaya ana iya cewa sakacinsa ne. Amma in mutum 30 a kasuwa guda, waɗanda wakili ɗaya ya buɗe wa asusu, suka sami irin kiran nan a wata guda, wannan ya zama shaidar da NDPC da Babban Banki ba za su iya kau da kai daga gare ta ba, kuma kuɗin lauya ɗaya in mutum 30 suka raba ba zai karya kowa ba. Littafin nan fa kada a rubuta BVN ko lambar sirrin kowa a ciki, don kada a gudu daga ruwa a faɗa rijiya.

Akwai kuma maganar harshe. Dokar 2023 ta ce bayanin da kamfani zai yi wa mutane game da yadda yake amfani da bayanansu ya zama a fili, mai saukin ganewa, tare da la'akari da irin mutanen da ake nufi. Bankin da ya aika wakilai cikin Kara ko Agege suna jawo 'yan kasuwa da Hausa su buɗe asusu, sa'an nan ya miƙa musu sharuɗɗa da ƙananan baƙaƙen Turanci su dangwala, yana da tambayar amsawa a kan ko yardar da ya ce ya samu yarda ce ta sani. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da bakin neman a riƙa ba da sharuɗɗa da sanarwar haɗari da Hausa, ko da ta saƙon murya ne, tun da bankunan sun iya tallan hajarsu da ita a rediyo.

A watan Agusta na 2025 hukumar NDPC ta fitar da sunayen kamfanoni sama da 1,300, galibinsu na harkar kuɗi da inshora, ta ba su kwana 21 su kawo shaidar cewa suna bin dokar. Kafin wannan, a watan Yuli, ta ci kamfanin talabijin na MultiChoice tarar sama da Naira miliyan 766. Wannan ya nuna hukumar ba ta jin nauyin manya. Abin da masu ajiya za su zuba ido su gani shi ne ta fara haɗa sanarwar tara da sanarwar diyya, a ji mutum nawa aka biya da nawa aka ba kowanne, ta kuma tilasta bankuna su riƙa gaya wa masu asusu ranar da aka taɓa bayanansu, kamar yadda dokar da ta kafa ta ta tanada.